Jitar Lantarki: Mai Matsakaicin Kuɗi Ko Mai Tsada, Wacce Ta Dace Da Makaɗinmu?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Badun ko Anacha ko Fatakwal ya san cewa a nan Kudu da wuya a yi biki, ko buɗe sabon gida, ko taron ƙarshen shekara, ba a ji amon jita ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Badun da Shagamu sun tashi da wannan amo a kunnuwansu. Da yawa daga cikinsu sun koya, wasu ma har sun mai da kiɗan sana'a, suna bin ƙungiyoyin makaɗa zuwa otal-otal da majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa.

To, ranar da saurayi ya gaji da aron jitar maigidansa ya ƙudurta sayen tasa ta kansa, ranar ce zai yi karo da tambayar da ta daɗe tana raba kan makaɗa: shin ya sayi mai matsakaicin kuɗi ya kama aiki tun yau, ko kuwa ya yi haƙuri ya ci gaba da tari har ya mallaki mai tsada, irin wadda yake gani a hannun manyan makaɗa? Sau da yawa kuma uba ne ko yaya ko kawu ake kawo wa maganar, domin daga aljihunsa cikon kuɗin zai fito. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje wannan magana a faifai.

Lissafin kuɗi tukuna

Jitar lantarki ta kamfanonin da aka sani daga waje ake shigo da ita, kuɗinta kuwa da dalar Amurka ake lissafa shi. A farkon shekarar 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na shekarar, sai dala ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. A 2024 ɗin ne kuma aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a wata.

Bari mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. Jita mai dala 500 ta kama Naira 750,000, watau albashin kusan wata 11 na ƙaramin ma'aikaci. Mai dala 1,500 kuwa ta kama Naira 2,250,000, watau albashin wata 32, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a biya kuɗin haya ba, ba a aika wa iyaye komi a gida ba. Ban da wannan akwai kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wannan kuɗi ya isa jarin ƙaramin shago, saboda haka maganar ta wuce ta sha'awa kawai.

Inda bambancin ya samo asali

Kamfanoni biyu ne na ƙasar Amurka suka shata hanyar da kusan kowa yake bi har yau. Na farko shi ne Fender, wanda wani mai gyaran rediyo mai suna Leo Fender ya kafa a garin Fullerton na Jihar Kalifoniya a 1946. Shi ya fitar da jitar da ake kira Telecaster a farkon shekarun 1950, ya biyo da Stratocaster a 1954. Na biyu shi ne Gibson, wanda ya fitar da Les Paul a 1952. Idan mai karatu ya shiga sashen kayan kiɗa na kasuwar Alaba ya dubi jitocin da ke rataye, zai ga yawancinsu siffar ɗaya daga cikin waɗannan ukun suka ɗauko.

A shekarun 1970 masana'antun ƙasar Japan suka shiga kwaikwayon waɗannan jitoci, suka iya ƙwarai da gaske, suna sayarwa da rahusa, a daidai lokacin da makaɗa ke kukan cewa aikin Amurka ya fara sakwarkwacewa. Har ta kai ga a 1977 masu kamfanin Gibson suka kai ƙarar dillalin jitar Ibanez a Amurka a kan siffar kan jita. Da Fender ya ga ba zai iya tare wannan ambaliya ba, sai ya shiga cikinta: a 1982 ya fara sayar da jitoci ƙirar Japan da sunan Squier. Daga baya ya buɗe masana'anta a garin Ensenada na ƙasar Meziko, ya bar masu tsada ana ƙera su a garin Corona na Kalifoniya. Gibson shi ma yana da ƙaninsa, watau Epiphone, wanda ya saya tun 1957, wanda yawancin jitocinsa a Asiya ake ƙera su. Kamfanin PRS da aka kafa a 1985 ya bi sahu da jerin da yake kira SE. Yamaha kuma ya fitar da Pacifica a 1990, wadda malaman kiɗa da yawa ke yabawa saboda ingancinta da sauƙin kuɗinta.

Watau dai kamfani ɗaya ne yake yi wa mai kuɗi tasa, ya yi wa talaka tasa, siffa ɗaya, awo ɗaya. Bisa ƙiyasi, sabuwar Squier ko Pacifica ta masu koyo ba ta kai dala 500 ba. Fender ƙirar Meziko da manyan Epiphone da PRS SE suna tsakanin dala 600 da 1,200. Ƙirar Amurka kuwa daga wajen dala 1,500 take tashi, waɗanda ake yi da hannu bisa odar mai saye suna kai dala dubu huɗu ko fiye.

Me ƙarin kuɗin ke saya?

A zamanin da, gwanintar hannun masassaƙi ita ke raba jita da jita. Yanzu kuwa injin da kwamfuta ke sarrafawa shi ke yanka gangar jikin jita da wuyanta, ko a Kalifoniya ko a Indunusiya, kuma injin ba ya kuskuren awo. Wannan ne ya sa jita mai matsakaicin kuɗi ta yau ta fi takwararta ta shekaru 40 da suka wuce nesa ba kusa ba.

Babban abin da ya rage shi ne ladan ma'aikaci da yawan lokacin da ya ɓata a kan kowace jita. Akwai ƙananan ƙarafa 21 ko 22 ko 24 da ake dasawa a jere a wuyan jita, waɗanda makaɗi ke danne tsirkiya a kansu. A jita mai tsada akan zauna a daidaita tsayinsu, a goge bakinsu har su yi santsi. A mai rahusa akan yi aikin da gaggawa, sai ka ji wata tsirkiya tana zuza, ko bakin ƙarfe yana kartar hannu. Haka nan akan zaɓar wa mai tsada katako busasshe, mara nauyi, mai kyan zane. Maɗauran tsirkiya da jakin da tsirkiya ke hawa a kai da 'yan maɓallan ƙara murya duk sukan fi ƙarko. Galibi kuma takan zo da akwatinta mai ƙarfi.

Sai maɗaukin amo, wanda shi ne zuciyar jitar lantarki. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, ita ce ke bi ta waya zuwa amfilifaya ta fito a lasifika. Iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, mai siririyar murya garau, amma yana jawo gurnanin wuta. Akwai mai naɗi biyu, wanda wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1950, mai kaurin murya, wanda naɗinsa biyu ke kashe gurnanin. Abin lura a nan shi ne, maɗaukin amo abu ne da ake kwancewa da sukurdireba a sa wani. Mutum na iya sayen jita mai matsakaicin kuɗi, bayan shekara ya canza mata maɗaukin amo mai kyau, kuɗin duka bai kai rabin na mai tsada ba.

Abu na ƙarshe da ƙarin kuɗin ke saya shi ne suna. Rubutun da ke kan jita ba ya ƙara mata amo, amma yana ƙara mata daraja ranar sayarwa, yana kuma sa wasu masu ba da aiki su dubi makaɗi da idon girma. Wannan gaskiya ce, ba a musunta, sai dai mai saye ya san abin da yake biya.

Hannu ne ko kayan aiki?

Mu 'yan Arewa ba ma bukatar a je da nisa kafin a ba mu amsar wannan. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntigi yake kaɗawa, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya tak, amma da shi ya zaga ƙasashen duniya.

A Jamhuriyar Nijar akwai Mdou Moctar, Buzu, bahago, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahara kafin Turawa su ji labarinsa. Sai da hannunsa ya faɗa a wajen kiɗan bukukuwa sa'an nan ya riƙi Stratocaster ya hau manyan dandamalin Amurka da Turai. Haka Bombino na Agadas, wanda kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin 'yan takarar kyautar Grammy. A gudun hijira ya koyi jita.

A ƙasashen Turawa ma haka abin yake. Brian May na ƙungiyar Queen ta Ingila shi da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa a gida a farkon shekarun 1960, da katakon tsohon murhu, kuma da ita ya yi suna. Mawaƙin nan Prince na Amurka ya shafe shekaru yana hawa dandamali da wata jitar Hohner ƙirar Japan, wadda kwaikwayon Telecaster ce. Nan gida kuwa, wanda ya saurari Joromi ta Victor Uwaifo ta 1965, ko Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga ta 1976, ko faifan King Sunny Ade da Oliver De Coque, yatsun makaɗi yake yabawa, ba ya tambayar nawa aka sayi jitar.

Amma kada a ɗauki wannan a matsayin izinin sayen tarkace. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jitar da wuyanta ya karkace, ko wadda ba ta riƙe ɗauri, takan kashe wa mai koyo zuciya, ta kunyata gwani a gaban jama'a. Maganarmu a kan mai matsakaicin kuɗi ce ta kamfani sananne, ban da wadda ba a san asalinta ba.

Yanayin ƙasarmu ba ya tausayin tsada

Ga wani abu da masu talla na ƙasashen waje ba sa faɗa. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Masu ƙera jita sukan ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Ikko da Fatakwal laima takan haura kashi 80 da damina, ga iskar teku mai gishiri da ke sa tsirkiya da sukurori tsatsa. Sa'an nan makaɗi ya ɗauki jitar nan ya tafi Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ganin gida lokacin hunturu, inda laima ke faɗuwa ƙasa da kashi 20. Cikin 'yan kwanaki katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafa ya fito, wuyan ya lanƙwashe.

Akwai sandan ƙarfe a cikin wuyan jita wanda ake murɗawa a miƙar da shi, amma aikin wanda ya iya ne, domin in aka matsa da ƙarfi yakan karye. Har ila yau, fentin da Gibson ke yi wa manyan jitocinsa irin na da ne, mai laushi, wanda zafi da sanyi da gumi ke tsattsagawa. Jitoci masu matsakaicin kuɗi kuwa galibi fenti mai kauri irin na roba gare su, wanda ya fi jure wahala. Haka kuma wuyan Stratocaster da ire-irenta da sukurori huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace a kwance a sa wani. Na Les Paul da gam aka manne shi, kuma kansa ya yi ƙaurin suna wajen karyewa idan jitar ta faɗi. Wanda zai riƙa cusa jitarsa a bayan danfo, ko ya goya ta a kan acaba, ko ya ɗora ta a motar dare zuwa Arewa, ya yi tunani kafin ya zuba miliyoyi a kanta.

Sai maganar wuta. Wutar Nijeriya mai ƙarfin 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Amfilifayar da aka yi don wutar Amurka kawai, in aka cusa ta a soket ɗinmu ba tare da taransifoma ba, tana iya ƙonewa nan take. Ga janareta da wayoyin da ba a haɗa su da ƙasa ba, waɗanda ke sa gurnani ya yi yawa, musamman ga mai maɗaukin amo mai naɗi ɗaya, kome tsadar jitar. Abin ma ya wuce gurnani. A 1972 wuta ta kashe Les Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, a kan dandamali a garin Swansea sa'ad da ya taɓa makirufo. A 1976 ta kashe Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, a gidansa yana riƙe da jita. Kada makaɗi ya tsaya ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, kada kuma ya yarda a cire ƙafa ta uku ta filogi.

Hattara da jabu

Gwargwadon tsadar suna, gwargwadon yawan masu kwaikwayonsa. A watan Nuwamba na 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta ba da sanarwar kama jitocin Gibson na jabu fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan har ana yunƙurin shigar da su ƙasar da ake ƙera na ainihi, mai karatu ya auna da kansa yadda abin zai kasance a wasu ƙasashe.

Ga alama ɗaya mai sauƙi: ɗan murfin da ke kan Les Paul ta Gibson, wanda ke rufe bakin sandan wuya, sukurori biyu gare shi, na jabu kuwa sau da yawa uku ne. Sai dai masu jabu su ma suna ƙara wayo, saboda haka a duba lambar da ke bayan kan jita, a nemi rasit, a kuma tafi da wanda ya san kaya. Idan aka ce maka ga Gibson ƙirar Amurka sabuwa fil a kuɗin Epiphone, ka kama gabanka. Epiphone ta gaske ta fi Gibson ta ƙarya, domin ranar da ka tashi sayarwa ta gaske tana da kasuwa, ta ƙarya kuwa ba mai saye sai wanda za ka cuta.

Yadda ake gwada jita a shago

Kada a yi cinikin biri a sama, ko sabuwa ce ko ta gwanjo. Da farko a kaɗa ta ba a haɗa da amfilifaya ba, a ji ko amonta yana daɗewa. A ɗaga ta a hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, amma murɗewa aibi ne da ba ya gyaruwa da sauƙi. A danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe, a saurari zuza. A shafa gefen wuya a ji ko yana karta. A gwada amon tsirkiya a sake da amonta a ƙarfe na 12, su zama ɗaya, na biyun ya fi na farko siranta kawai. Bayan an haɗa da amfilifaya a murɗa kowane maɓalli, a girgiza bakin waya, a ji ko akwai ƙarar karce. A ɗaure ta daidai, a kaɗa minti goma, a duba ko ɗaurin ya saki. Daga ƙarshe a rataya ta a kafaɗa. Les Paul takan kai kilo huɗu ko fiye, Stratocaster wajen uku da rabi, kuma wanda zai tsaya daga magariba har asuba a gidan biki zai san bambancin.

Shawararmu

Rabin muryar jitar lantarki daga amfilifaya take fitowa. Jita mai dala dubu biyu a kan lalatacciyar lasifika ba ta kai mai dala ɗari biyar a kan amfilifaya mai kyau daɗin ji ba. Saboda haka wanda ya tara kuɗin jita mai tsada guda ɗaya, alhali ba shi da sauran kaya, ya fi masa alheri ya raba kuɗin uku: kashi ɗaya na jita mai matsakaicin kuɗi, kashi ɗaya na amfilifaya da wayoyi da na'urar daidaita wuta, na ukun kuma na akwati mai ƙarfi da tsirkiyoyi da ladan gwanin da zai daidaita ta, abin da ya saura ya zama ajiya.

Mai tsada tana da ranarta. Wanda kiɗa ya zama cinsa da shansa, ake kiransa ɗakin ɗaukar waƙa a kai a kai, yana da motar ɗaukar kaya da amintaccen wurin ajiya, kuma kunnensa da yatsunsa sun kai su gane bambancin ko da an rufe masa ido, wannan in ya saya bai yi ɓarna ba. Ta gwanjo mai asali ma takan fi masa, domin wanda ya fara saye shi ya ɗauki faɗuwar farashi. Amma kada kowa ya saya da zaton jari ne. Gaskiya ne an sayar da baƙar Stratocaster ta David Gilmour kusan dala miliyan huɗu a 2019, sai dai sunan mai ita aka saya. Jitar da aka ƙera bara, irinta dubbai ne a kasuwa, ranar da ta bar shago darajarta ta fara raguwa.

Ga iyaye da yayye da ake kawo wa wannan bukata, ku tambayi yaro sa'a nawa yake gwaji a rana, wa ke koya masa, kuma nawa kiɗan ya shigo masa da shi a wata shida da suka wuce. In amsarsa ta gamsar, ku taimaka masa da mai matsakaicin kuɗi, ku bar jitar ta yi aiki ta sayo babbar da kanta. Kada a ci bashi, kada a sayar da gonar gado ko filin da aka saya a gida saboda rubutun da ke kan katako.